Kafin a Kaɗa Gangi: Masu Duba Daji a Kudancin Kano

A Yako ta ƙasar Kiru da ƙauyukan da ke kewaye da ita babu wata takarda da ke zuwa daga Kano ta ce yau an buɗe farauta. Dawa ce ke buɗe ta. Muddin akwai zangarniya tsaye a gona, mai karnuka ya san in ya sake su suka tattake wa wani amfani, a gaban mai unguwa za a wuni. Sai an yanke dawa an ɗaure, an gama roron wake, makiyaya sun shigo da shanu cin kara, hunturu ya sauka sosai, sannan ake jin gangi da ƙaho. Abin yakan faɗo wajen Disamba zuwa Janairu, a yi ta yi har zafin bazara ya kore mutane zuwa sharar gona.

Amma kafin ranar gangi akwai wani aikin da ba a yi masa kiɗa. Mutum biyu ko uku ne za su sulale da asuba, ba kare, sau da yawa ma ba bindiga, sai adda da gorar ruwa da ɗan guzuri. In ka tambaya a gida a ce maka sun tafi duba daji, ko sun tafi zagaye. Su ne za su dawo su gaya wa Sarkin Baka inda nama yake kwana, inda yake sha, inda wuta ta riga ta ci, da inda ba a shiga bana. Ba a fafe gora ranar tafiya. Rundunar da ta fita ba a duba mata daji ba, yawo ta tafi.

Wanda bai san harkar ba yakan haɗa maharbi da ɗan farauta ya yi musu kuɗin goro. Ba ɗaya ba ne. Ɗan farauta mutumin taro ne: karnuka, kere, gora, barandami, kirari, gudu da ihu, da rigimar karen wa ya fara kamawa. Maharbi kuwa shi kaɗai yake tafiya, ko da yaronsa ɗaya. A da kwari da baka ne da kibiya mai dafi, yanzu bindigar toka. Shi ne mai sa burtu a ka ya rarrafa har ya kusanci garke, shi ne mai yin bago a kan bishiya ya kwana yana jiran abin da zai zo shan ruwa. Duba daji aikin maharbi ne, ko da kuwa 'yan farauta ne za su ci moriyarsa.

Abin da ƙasa ke faɗa

Farkon abin da mai zagaye ke nema ba nama ba ne, ruwa ne. A ƙarshen damina ruwa na ko'ina, saboda haka dabba na ko'ina, ba ta da wurin da za a ce nan za ta zo. Yayin da ƙoramu suka fara yankewa, sai a bar ɗan gurbin ruwa nan da can a ƙarƙashin duhuwa, ko danshi a cikin yashi inda in an tona ruwa zai tsattsafo. Daji mai faɗi sai ya tattaru a waɗannan 'yan wurare. Mai duba daji yana ƙirga su, yana kuma auna wanne zai kai Fabrairu, wanne zai ƙafe kafin wata ya mutu. Taɓon bakin mashaya shi ne littafinsa, domin duk wanda ya zo sha sai ya sa hannu.

Sawun gada ƙarami ne, mai tsini, tsaga biyu a matse. Na mazo ya fi shi girma da tsawo, kuma ba ka cika ganinsa nesa da kurmin bakin rafi ba. Mugun dawa yana barin abin da ba ya ɓuya: wurin da ya durƙusa a kan gwiwa yana tonon saiwa, da kwatamin da ya yi birgima. Beguwa kan yar da ƙayarta a hanya. Matsalar ita ce akuya da tunkiya ma kofato biyu gare su, kuma yau babu mashayar da garke bai tattake ba. Nan ake gane wanda ya gada da wanda ya shigo jiya. Ɗan koyo zai ga sawun ɗan akuya ya ce gada ce. Tsohon hannu ba sawu ɗaya yake kallo ba, tafiyar yake bi: akuya tafe take cikin 'yan uwanta tana watsuwa, gada kuwa ita kaɗai, tana bin gefen duhu, ta ɗan tsaya, ta yi tsalle ta faɗa sarƙaƙiya.

Sai kuma shekarun sawu, in ana iya cewa haka. Sawun daren jiya bakinsa a tsaye yake, ƙasar cikinsa ta fi ta waje duhu. Wanda ya kwana biyu, iskar hunturu ta ci gefensa, ƙura ta kwanta a ciki. In tururuwa ta ja layi ta ratsa shi, ko ƙafar fakara ta hau kansa, to ya riga safiya. In raɓa ta sauka a kansa ta bushe, fuskar ƙasar takan yi 'yan ƙuraje. Haka ma kashi: a murza shi tsakanin yatsu a ji ko da sauran danshi, a fasa a ga me aka ci. Ƙwallon kanya ko ɓawon taura a ciki ya isa ya nuna wa mutum bishiyar da zai je ya duba.

Itatuwa su ne abu na biyu bayan ruwa. Gada ba ciyawa ta dame ta ba, ganye da 'ya'yan itace take bi, kuma tana iya daɗewa ba ta je mashaya ba. Saboda haka mai nemanta gindin kanya yake zuwa, da ɓaure, da taura, da tsada, da magarya. In birai na sama suna ci suna zubarwa, akwai mai tsinta a ƙasa. Namijin gada yana da wani tsagi a ƙasan ido mai fitar da maiƙo, yana goga shi a kan tsinke don shata iyakarsa, kuma ido mai kyau yana ganin baƙin ɗigon a bakin reshe. Batsiya kuma, inda ta rage, tana da juji guda da take komawa ta yi kashi, ga ta da son sabon toho a inda wuta ta ci.

Wuta kanta sai an karanta ta. Wadda aka sa da wuri, a Nuwamba, lokacin da gamba ke da sauran ɗanye, lasar sama take yi ta wuce, bayan 'yan kwanaki toho ya fito kore shar, masu cin ciyawa su taru a kai. Wadda aka sa a Fabrairu ko Maris, komai ya bushe ƙayau, ita ce mai kashe ƙananan itatuwa, ta ƙone makwanci, ta bar fili fetal. Yaran da ke cinna wa daji wuta don gafiya da ɓera ba su san bambancin ba, ko sun sani ba su damu ba.

Abu na ƙarshe iska ce. A hunturu daga arewa maso gabas take busowa, amma cikin kwari da gindin dutse juyawa take yi, musamman da sassafe da kuma faɗuwar rana. Mai zagaye yakan ɗebi ƙura ko toka ya saki ya ga inda ta nufa, ya zaɓi bishiyar da zai yi bago ta yadda warinsa ba zai sauka kan turbar naman ba. Ba ya taka turbar, ba ya sare reshe kusa da mashaya, ba ya shan taba. Mazo in ya ji abin da bai yarda da shi ba, haushi yake yi irin na kare, kuma daga wannan haushin duk dajin ya san an shigo.

Dajin da ake magana a kai

Daga Kwanar Dangora in ka kama hanyar Tudun Wada ka nufi Jos, ƙasa na sauyawa a idonka. Gawo da kuka na raguwa, doka da maje da kaɗanya da marke na ƙaruwa, duwatsu na tasowa har zuwa Riruwai a ƙasar Doguwa. Nan ne yankin da ya fi ko'ina samun ruwan sama a jihar Kano, nan ne kuma dajin Falgore yake, shimfiɗe a ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 1,000. Tun cikin shekarun 1940 aka keɓe shi da sunan gandun dajin Kogin Kano, a 1969 aka mai da shi gandun namun daji. Kogin Kano ya ratsa shi ya gangara madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ta kudu maso gabas kuma yana kallon gandun Lame-Burra na jihar Bauchi, abin da a da ya ba manyan dabbobi hanyar kai da komo.

Jerin abin da aka taɓa sani a Falgore yana da daɗin karantawa: gwanki, kanki, gwambaza, mariya, ɓauna, mazo, batsiya, makurna, mugun dawa, har zaki da damisa. Matafiyi a yau abin da ya fi gani a bakin titi birai ne. Barewa, wadda sunanta ya cika bakin mutane da karin magana, asali ma dabbar fili ce ta arewa, ta fi son ƙasa mai ƙaya da yashi, kuma tana cikin jerin dabbobin da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ce suna fuskantar barazana. Saurayin Yako da ke cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, da wuya in ya taɓa ganin ta a daji. Wataƙila a gidan zu na Kano, ko a ɗaure a gidan wani mai hali.

A doka, ba a farauta cikin gandun. A aikace, gandun ne ke ciyar da farautar da ake yi a wajensa, domin daga ciki nama ke fitowa zuwa sauruka da bakin rafuka da gindin duwatsun da ke kewaye. In cikin ya mutu, wajen ma ya mutu. Maharba sun fi kowa sanin haka, ko da yake sanin bai hana wasunsu tsallaka iyaka da dare ba.

Sawun da ba na dabba ba

Mai duba daji na yau rabin karatunsa ba na nama ba ne. Yana duba tayar babur: ta mai itace ce da ta nutse saboda nauyi, ko ta wasu ce da suka bi hanyar da ba ta zuwa kowane gari? Yana duba murhu: duwatsu uku da tokar da ba ta huce ba, ga ledar burodi da kwalin sigari, ba kashin shanu kusa balle a ce makiyaya ne. Yana duba ramin gawayi, da kututturen kirya da marke da injin yanka ya kwantar. Yana duba tarkon waya, irin wanda ake yi da wayar birkin babur, wanda ba ya tambayar mace ce ko namiji, mai ciki ce ko mai shayarwa, kuma ba ya barin kare.

Wannan ba tsoron banza ba ne. Wajen 2015 sunan Falgore ya fi fitowa a labarin satar shanu da fashi da sace mutane a kan hanyar Jos fiye da labarin namun daji. A 2017 rundunar sojan ƙasa, ƙarƙashin Laftanar Janar Tukur Buratai, ta kai atisayen Harbin Kunama na biyu dajin, aka kuma mai da wani sashensa filin horar da soja. Gwamna Abdullahi Ganduje ya yi ta kiran makiyaya su zo Kano su zauna, kuma a 2020 ya buɗe rugar zamani a dajin Dansoshiya, nan cikin ƙasar Kiru. A ƙarshen shekarar ne gwamnatin tarayya ta amince da sababbin gandayen ƙasa guda 10, Falgore na ciki. Soja, makiyayi, manomi, mai gawayi, ma'aikacin gandu: kowa da takardarsa ko hujjarsa a kan daji ɗaya. Gada ce kaɗai ba ta da wakili.

Noma ma ya sauya. Sunƙurun da a da ake bari tsakanin gari da gari ya zama gonar masara da shinkafa da rake. Fadamar da mazo ke ɓuya ta zama lambu, injin ban ruwa na ruri a bakinta har dare. Maganin feshi ya share ciyawar gefen gona inda zomo da zabo ke fakewa. Ba na ganin laifin manomin da ke da baki goma a gida. Amma a daina cewa wai nama ya yi wayo ne ya sa ba a ganinsa. Wurin zamansa aka noma.

Yadda wasu suka yi

A Amurka ma, kafin lokacin harbin barewarsu mai farin wutsiya ya kama a kaka, maharba kan shiga daji su duba. Abin da suke nema bai yi nisa da na mutumin Doguwa ba: turba, kashi, makwanci, bishiyar da ke zubar da 'ya'ya, inda namiji ya goge ƙahonsa a jikin itace ko ya tone ƙasa, da inda iska ke kaɗawa. Sun ƙara da kyamarar da ake ɗaurewa a bishiya ta ɗauki hoton duk abin da ya gifta, da taswira a waya. A wajen karatun ƙasa ban ga abin da za su koya wa tsohon maharbinmu ba.

Inda suka tsere mana shi ne abin da ke bayan duban. Wajen 1900 barewar tasu ta kusa ƙarewa saboda harbin kasuwa, ta ragu zuwa 'yan dubban ɗaruruwa a duk faɗin ƙasar. Sai jihohi suka sa ranar buɗewa da ranar rufewa, suka ƙayyade adadin da mutum ɗaya zai kashe, aka hana cinikin naman daji. A 1937 aka yi dokar Pittman-Robertson, wadda ta sa kuɗin harajin da ake karɓa a kan bindigogin farauta da harsashi ya tafi kai tsaye ga kula da namun daji. Yau ana ƙiyasin barewar ta kai wajen miliyan 30, har ta zame wa manoma da direbobi fitina. Maharbin can yana duba daji ne da sanin cewa abin da ya bari bana zai same shi baɗi. Namu yana dubawa da sanin cewa abin da ya bari yau, wani zai haske shi da fitilar goshi gobe da dare.

Ba wai mu ba mu taɓa sanin ƙa'ida ba. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta raba dabbobi aji-aji, ta tanadi lasisi, kuma jihohin da suka fito daga cikinta sun gaje ta. A 1985 aka yi dokar tarayya kan dabbobin da ke shirin ƙarewa. Kafin su duka akwai buɗin daji, bikin da Maguzawa da Arna ke yi bayan kaka, wanda Bafaranshen nan Guy Nicolas ya yi rubutu a kansa a kwarin Maraɗi: daji a rufe yake sai an buɗe shi. Ko mutum bai yarda da tsafin da ke ciki ba, ya ga hikimar rufewar. A makarantar zaure kuma, duk wanda ya karanta Risala ya wuce ta babin da ya halatta farauta da karen da aka horar, ya kuma karhanta yin ta don wasa kawai. Al'ada ta ce akwai lokaci, addini ya ce akwai dalili, doka ta ce akwai iyaka. Ukun duka suna nan a baki.

Tafiya nesa

Da dajin gida ya yi shiru, sai zagaye ya yi tsawo. Maharban kudancin Kano yanzu sukan cika a-kori-kura da karnuka su nufi Bauchi ko Kaduna ko Neja ko Taraba, wasu har kurmin kudu, su yi watanni. A can ba su san mashaya ba, ba su san mai gari ba, kuma mutanen wurin ba su san bambancin mai bindigar toka da ɗan bindiga ba. A ƙarshen Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, 'yan sintiri da gungun mutane suka tare wata babbar mota da ta taso daga wajen Fatakwal, suka ga bindigogin farauta, suka kashe mutum 16 da ke hanyar zuwa gida yin Sallah. Da yawansu 'yan Torankawa ne ta ƙaramar hukumar Bunkure, tafiyar da ba ta da nisa daga Bebeji. Gwamna Abba Kabir Yusuf da takwaransa na Edo, Monday Okpebholo, sun je Torankawa ta'aziyya. An yi maganar diyya da hukunci, kuma daidai ne a yi. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce me ya raba maharbin Kano da dajin Kano har ya kai shi Ribas.

Gwamnatoci sun gano amfanin maharba, amma ta fuska ɗaya. Tun da suka taimaka wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram a 2014, duk inda tsaro ya taɓarɓare sai a tuna da su, a ba su riga da babur a ce su shiga gaba. A 2025 ma shugaban ƙasa ya amince a ɗauki dakarun tsaron daji. Ana son idonsu a kan sawun mutum. Ba wanda ke tambayarsu sawun dabba.

A ganina nan ne asarar take. Duk shekara, tsakanin Nuwamba da Disamba, mutanen da suka fi kowa iya karatun ƙasa suna bin rafukan Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa ɗaya bayan ɗaya, su dawo da labarin mashaya nawa ta rage, ina aka ga mazo, ina aka daina ganin mugun dawa, wace kanya aka sare. Ƙidaya ce cikakkiya, kyauta, kuma a zauren Sarkin Baka take ƙarewa. Malamin daji ɗaya da littafi da biro, in ya zauna a wannan zauren shekara biyar a jere, zai san halin dajin fiye da abin da ke cikin kowane fayil. Daga nan ne za a iya cewa kwarin kaza a huta masa bana, daga saukar ruwan fari zuwa kaka ba harbi, mace mai ɗa ba a taɓa ta, tarkon waya kuma duk wanda ya gani ya cire.

Wahalar ba a wajen tsofaffin take ba, don yawancin waɗannan ƙa'idoji nasu ne tun asali. Wahalar ita ce ikon Sarkin Baka a kan mutanensa ya tsaya. In maharban Yako suka yarda su bar wani kwari ya huta, ba su da yadda za su yi da motar da za ta taso daga birni ranar Asabar da samari hamsin da karnuka, ta sauke su a bakin kwarin. Hana wannan motar sai hakimi da dagatai da ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli sun sa baki, kuma sai maƙwabta a Bebeji da Tudun Wada sun yarda da ranar rufewa ɗaya.